Daga Ƙwan Gwaji Zuwa Na'ura: Masu Wayarin na Kurmin Mashi

An yi zamanin da duk wutar da ke jikin mota ba ta wuce abin da ogan gareji zai zana wa yaronsa da tsinke a ƙasa ba. Zamanin Fijo ke nan. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, aka ga 404, aka ga 504, daga baya 505 ta biyo. Gwamnati ta saya, sojoji suka saya, ma'aikaci ya karɓi rancen mota ya saya. Da mota ta fara tsufa sai ta haye gada ta yi arewa, kuma da yawansu a garejojin Kurmin Mashi suke yada zango, nan kusa da tsohuwar makarantar sojoji ta NDA.

Mu tuna yadda aikin yake a lokacin. Batir mai bolt 12, makulli, kwayil, kontak da kondensa a cikin distiributa, sai fulogi huɗu. Kayan aikin mai wayarin ƙwan fitila ne guda da ya ɗaura wa waya biyu: ya maƙala ɗaya a jikin ƙarfen mota, ya riƙa dangwala ɗayar wuri-wuri. Inda ƙwan ya kama, wuta ta iso. Inda ya ƙi, matsalar tana tsakanin nan da inda ya baro. In mota ta ƙi tashi, ya zare wayar fulogi ya kusanta ta da jikin inji a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, lafiya lau. Ja mai rauni, a duba kontak ko kondensa. Kunne ma yana aiki, don "ƙyas" guda ba tare da inji ya juya ba ya isa a ce a goge kan batir. Ilimi ne na bin sawu, kuma wanda ya koye shi a hannun mutanen wancan lokaci ya koyi haƙuri tare da shi.

Amma a nan ne kuma aka haifi wata ɗabi'a da za ta zo ta dame mu: "a yi mata dairek". Fiyus ya ƙone, a naɗa masa zaren waya. Suwic ya mutu, a jawo wuta kai tsaye daga batir. 504 tana yafe irin wannan, domin babu abin da zai ƙone a cikinta sai waya.

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na gwamnatin Babangida. Darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi, mutane suka juya ga motocin da Turawa suka gama hawa. Ta Kwatano da Legas suka riƙa kwararowa, muka sa musu suna Beljiyam: Honda, Toyota, Golf, Vectra, Marsandi. Yawancin na shekarun 1990 ba su da kafireta, injekta ne, kuma akwai wani ƙaramin akwati a ɓoye da ke lissafin mai da wuta, wanda gareji ya raɗa wa birenbos. Wannan akwati bai san yafiya ba. Yawancin sensa da bolt 5 suke aiki, don haka ƙwan gwajin da ya yi wa 504 hidima yana iya ƙona akwatin, haka ma juya kan batir. An yi asarar akwatuna kafin a yarda cewa mitar auna wuta ta zama dole, kuma Panteka ta ci kasuwar sayar da na gwanjo.

Tsaro kuwa nasa tarihin daban ne, kuma a ganinmu nan ne aka fi yi wa motoci illa. Da satar mota da ƙwace suka yi yawa, dabarar farko ta gida ce: ɗan suwic a ɓoye ƙarƙashin kujera ko dashbod wanda ke yanke wutar kwayil, ga sanda a sitiyari, ga sarƙa a feda. Bayan haka aka shigo da sikiyoriti mai rimot da jiniya, har da wanda ke barin ɓarawo ya yi ɗan nisa sannan ya kashe inji. Da wayar salula ta iso a 2001, aka samu mai layi a ciki da ake kashe mota da saƙo. Kowane ɗaya sai an yanka wayar kik ko ta famfon mai an ratsa da shi, kuma sau da yawa murɗawa kawai ake yi a naɗe da salatif. Mota ta sauya hannu sau uku, kowane mai ita ya sa nasa bai cire na baya ba. Damina ta shiga, ƙurar hunturu ta shiga, mahaɗar ta yi kore. Ranar da motar ta mutu a tsakiyar titin Ali Akilu, famfon mai ake fara zargi, a saya sabo, alhali wani tsohon rile ne da babu wanda ya san da zamansa.

Kamfanoni ma sun shigo da nasu. Wasu Fijo 306 da 406 na farko sun zo da madannai da sai an danna lamba huɗu inji zai tashi, daga baya aka koma makulli mai ƙwayar lantarki a kai. Jamus da Birtaniya sun wajabta irin wannan tsaro a sababbin motoci a 1998. Mai mota ya yanko makulli a kasuwa, ƙofa ta buɗe, kik ya juya, inji ya yi shiru. A 406 ta baya da 307 kuma akwai akwatin BSI da ke riƙe da fitilu, ƙofofi da tsaro gaba ɗaya, wanda wankin mota na ganganci ko raunin batir kan rikita shi.

Na'urar binciken da ake jona wa mota a yau ta samo asali ne daga dokar Amurka ta 1996 da ta sa kowace mota ta zo da soket iri ɗaya mai rami 16, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ta ɗauki shekaru kafin ta yi arha ta iso hannun matasanmu. Ta rage wahala ƙwarai, sai dai ba ta ganin sikiyoritin da aka liƙa daga baya, kuma in ta ambaci sensa, ba ta faɗin ko shi ya mutu ko ɓera ne ya ci wayarsa. Shi ya sa gwanayen Kurmin Mashi na yau suke haɗa biyun. Su auna batir, 12.6 a kwance, kusan 14 in inji na aiki. Su duba wayar at da ke ɗaure da bodi. In batir na mutuwa cikin dare, su sa mita a tsakani, su riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har abin da ke shan wutar ya bayyana. In sawun ya kai su ga tsohon sikiyoriti, sai su kwance shi gaba ɗaya, su mayar da kowace waya ga 'yar'uwarta mai launi ɗaya, su liƙe da dalma.