Shekara Ɗari Ana Bin Sawun Garkuwar Aladu

A shekarar 1921 wani likitan dabbobi Bature, Eustace Montgomery, ya wallafa bayanin wata cuta da ta addabi aladun da Turawa suka kai Kenya. Dabba za ta kwana lafiya, ta tashi da zazzaɓi mai zafi, ta ƙi abinci, kunnuwa da ciki su yi jajur, kafin kwana goma ta mutu. In aka feɗe ta sai a tarar saifa ta kumbura ta yi baƙi. Montgomery ya lura cewa annobar tana ɓulla ne inda aladun gida suka kusanci gadu, wato mugun dawa. Daga baya aka gano cewa wata kaska mai taushin jiki da ke zama a ramin gadu ita ke ɗaukar ƙwayar cutar. Tana cizon 'ya'yan gadu tun suna rami, su kamu, su girma garau ba ko atishawa. Cutar ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, kuma tun lokacin ake tambaya: me gadu ya gada da alade bai gada ba?

Na san yawancin masu karanta wannan ba sa kiwon alade. Amma a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai akwai dubban gidaje da kuɗin makarantar 'ya'yansu ke fitowa daga wannan kiwo, kuma kasuwar Katsit ta kusa da Kafanchan tana cikin manyan kasuwannin aladu na Najeriya. Maganar kuma ba baƙuwa ba ce ga makiyayi, wanda ya daɗe da sanin cewa muturu na jure sammore a dajin da farar saniya ke ramewa.

Amsa ta farko mai gamsarwa kan gadon juriya ba daga zazzaɓin Afirka ta zo ba, daga zawo ta zo. A 1975 Sellwood da abokan aikinsa a Ingila suna binciken wani nau'in ƙwayar E. coli da ke kashe jariran aladu da zawo. Ƙwayar ba ta iya ɓarna sai ta manne a bangon hanji. Da suka kankare bangon hanjin suka haɗa shi da ƙwayar a ƙarƙashin madubin likita, sai suka ga a wasu 'ya'yan ta yi cincirindo, a wasu kuwa ta rasa wurin kamawa. Waɗannan na biyun an haife su ba tare da mannin da ƙwayar ke nema ba, don haka sai ta bi kashi ta fice. Abin gado ne, kuma sai ɗa ya samu daga uwa da uba duka. Kamar gida ne mai ƙofa ɗaya: in an toshe ta, ɓarawo ya rasa ta inda zai shiga. A 1997 masu bincike a Suwizalan suka danganta irin wannan kariya daga wani nau'in E. coli, mai kama 'ya'ya bayan yaye, da wata ƙwayar gado da ake kira FUT1. Daga nan masu kiwo suka samu gwajin da za su tantance toron da za a bari ya yi barbara.

Wasu kuwa sun nemi ƙarfafa garkuwar gaba ɗaya. A Jami'ar Guelph ta Kanada, Bonnie Mallard da Bruce Wilkie suka riƙa zaɓen aladu masu ƙarfin garkuwa suna haɗa su, zuriya bayan zuriya. Aladun sun fi karɓar rigakafi, sun kuma fi saurin girma. Sai dai da aka sa musu wata ƙwayar cuta mai kama gaɓoɓi, su ne suka fi fama da kumburin gwiwa. Garkuwar da ta cika zafi takan juyo kan mai ita. A ganina wannan sakamako bai samu kulawar da ta kamace shi ba, domin shi ya nuna cewa ba a ƙara wa dabba garkuwa kyauta.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 wata sabuwar cuta ta ɓulla a gonakin Amurka, ta tsallaka Turai. Mata masu ciki na ɓari, 'ya'ya na mutuwa da ciwon huhu, kunnuwan wasu na komawa shuɗi. A 1991 aka ware ƙwayarta a Lelystad ta ƙasar Holan, cutar ta samu sunan PRRS. Rigakafi bai yi maganinta sosai ba saboda saurin rikiɗarta. Bayan an kammala karanta kundin gadon alade a 2012, aka kuma samu fasahar CRISPR ta yanke ƙwayar gado a inda ake so, sai Randall Prather da tawagarsa a Jami'ar Missouri suka cire wani sinadari mai suna CD163, wanda ƙwayar ke bi ta shiga dakarun garkuwa na huhu. A ƙarshen 2015 suka bayyana cewa sun sa wa aladun cutar, sun zauna garke ɗaya da masu fama da ita, ba su kamu ba. Cibiyar Roslin ta Sikotland ta tace aikin a 2017, ta gutsure ɗan ɓangaren da ƙwayar ke kamawa kaɗai, ta bar sauran yana aikinsa. A Afrilun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince wa kamfanin PIC ya yi amfani da wannan gyara a aladun da za a ci.

Zazzaɓin Afirka kuwa bai miƙa wuya ba. Ya isa Fotugal a 1957, ya kuma shiga Sifaniya, wadda ba ta rabu da shi ba sai 1995. Ya shiga Kwaddebuwa a 1996, Najeriya a 1997, Jojiya a 2007, sannan Sin a 2018, inda ya halaka miliyoyin aladu. A 2020 ya yi kaca-kaca da rukunin gonakin Oke-Aro da ke bakin Legas. Ƙwayarsa babba ce, tana da ƙwayoyin gado sama da 150, alhali ta PRRS ba ta wuce goma da 'yan kai ba. Roslin ta gwada sauya wa alade wata ƙwayar gado mai suna RELA ta koma irin ta gadu. Da aka sa musu cutar, abin da aka samu bai wuce ɗan jinkirin bayyanar alamu ba.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mozambik, wanda Mary-Louise Penrith da abokan aikinta suka wallafa a 2004. A arewacin ƙasar akwai aladun ƙauye da da yawansu ke tsira in annoba ta zo. Aka ɗebo su aka keɓe, suka hayayyafa, aka sa wa 'ya'yan cutar, kusan duka suka mutu. Juriyar iyaye ba ta sauka kai tsaye ga 'ya'ya ba, ke nan yanayin zama da daɗewa cikin cutar suna da nasu hannu a ciki.

Cutar da ke taɓa aljihun manyan kamfanoni ta samu kuɗin bincike na shekara da shekaru. Aladun gargajiya na Afirka ta Yamma kuwa ana ta surka su da irin waje tun ba a gama sanin abin da ke jininsu ba, kuma wannan aiki ne da ya dace cibiyar binciken dabbobi ta Vom da jami'o'inmu su samu kuɗin yi. Biyetnam ta amince da rigakafin zazzaɓin Afirka a 2023, amma mai kiwo a Zonkwa abin da ke hannunsa shi ne shinge, da hana baƙi shiga garke, da dafa ragowar abinci kafin ya zuba. In dabba ɗaya ta faɗi kuma ba ya sa ran diyya, yakan kwashi sauran ya kai kasuwa da wuri, cutar ta bi motar dillali zuwa gari na gaba.