Bauchi da Bakin Teku: Wace Tasha Ce Tamu?

Mai neman wurin kafa masana'anta a Bauchi, idan aka zagaya da shi hanyar Ningi, zai ga abubuwan da za su ja hankalinsa. Ga dam ɗin Gubi da ke shayar da birnin, ga mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kuma filin jirgin sama na Durum da aka buɗe a 2014. Ruwa ya samu, masu ilimi sun samu, fili kuwa sai wanda ya zaɓa. Sai dai da zarar ya zauna lissafi, tambaya ɗaya ce za ta tsaya masa: nawa zai kashe kafin tan ɗaya na kayansa ya shiga jirgin ruwa? Hujjar da wannan maƙala ke kafawa ita ce amsar tambayar ta rataya a wuyan layin dogo na gabas, kuma Fatakwal da Onne su ne bakin tekun da tarihi ya haɗa Bauchi da su, ko da yake yau kowa Legas yake kallo.

Turawan mulkin mallaka ba don garin Bauchi suka fara shimfiɗa dogo a wannan shiyya ba. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos kafin yaƙin duniya na ɗaya, kuza aka gina shi ya kwasa, kuma har aka rufe shi a 1957 bai taka birnin Bauchi ba. Babban layin da ya taso daga Fatakwal ya isa Jos a 1927, nan ma ya tsaya. Sai a 1958 Najeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, aka ja reshe daga Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Firayim Minista a lokacin shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin nan, ya kuma san abin da nisa ke yi wa farashin gyaɗa da auduga. Da wannan layi, mai tsawon kilomita 1,443 daga teku zuwa Borno, manomin Bauchi ya sami ƙofa.

Masana'antun da suka biyo baya sun dogara da wannan ƙofa. Kamfanin Steyr da ke haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi, daga ƙetare ake kawo masa sassa. Simintin Ashaka, wanda a lokacin yana cikin jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996, kaya ne mai nauyi da ribarsa ke ƙarewa a hanya idan dako ya yi tsada. Durƙushewar Steyr tana da dalilai da yawa, ciki har da faɗuwar darajar naira bayan 1986 da kwararowar motocin gwanjo. Amma ba za a cire lalacewar jirgin ƙasa daga lissafin ba, domin duk masana'antar da ke nesa da teku sau biyu take biyan kuɗin nisa, wajen shigo da kayan aiki da wajen fitar da abin da ta sarrafa.

Yanzu komai ya koma kan taya. A duba tirela ɗaya da aka yi wa lodin riɗi a Bauchi. Ɗan kamasho ya karɓi nasa, 'yan dako sun jera buhuna, an ja tamfol an ɗaure da igiya. Direba zai bi ta Jos, ya sauka gangaren Hawan Kibo yana danne da birki, yaron mota na riƙe da weji ko da ta ƙi tsayawa. Daga nan Akwanga, Abuja, Lakwaja, kowane shinge da nasa rasit, wasu ma babu rasit ɗin. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma idan ya isa tashar Apapa a Legas sai ya shiga layin jira. A daminar 2022 ambaliya ta shafe titin a Koton Ƙarfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Duk abin da aka kashe a wannan tafiya, daga kuɗin manomin Ningi ko Alƙaleri ake zaftare shi, tunda mai saye a Turkiyya ko Japan ba zai ƙara ko sisi ba don gonar tana da nisa.

Abin lura shi ne inda gyaran 'yan shekarun nan ya nufa. Sabon dogo mai faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna a 2016, Legas da Ibadan a 2021, ana kuma aikin Kano zuwa Maraɗi. Tashoshin sauke kaya na kan tudu, inda jami'an kwastan ke tantance kwantena ba sai an je bakin ruwa ba, an buɗe ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, sannan ta Funtua. Dukkansu a kan layin yamma suke, fuskarsu na kallon Legas. Shiyyar arewa maso gabas kuwa, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a Maris 2021, amma ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ne aka ga jirgi ya koma kai.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Manyan jiragen ruwa sun fi son Legas, musamman tun da aka buɗe tashar Lekki mai zurfi a 2023. Tsohuwar tashar Fatakwal ba ta da zurfin ɗaukar su, kuma fashin teku ya daɗe yana ƙara kuɗin inshora a ruwan gabas. Ana kuma cewa gyara tsohon dogo mai ƙaramin faɗi ɓarnar kuɗi ne. Wannan ta ƙarshen ba ta gamsar da ni ba. Riɗi da waken suya da siminti ba sa gaggawa. Abin da suke bukata shi ne jirgi mai tashi ranar da aka ce zai tashi, da kuɗin dako da ɗan kasuwa zai iya sani tun kafin kaka. Afirka ta Kudu a kan irin wannan faɗin take jan kwal da ma'adinai zuwa tashoshinta. Ga kuma Onne, wadda ke karɓar kwantenoni a yanzu haka, ba ta da cunkoso irin na Apapa. Sannan layin gabas ya haɗu da na yamma ta Kafanchan zuwa Kaduna, don haka wanda ya fi son Legas ma zai amfana.

Tun da aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a Nuwamba 2022, ana ta maganar matatar mai da kamfanin taki a iyakar Bauchi da Gombe. Injinan da za a kafa da takin da za a fitar ba za su shiga jirgin sama a Durum ba. Gwamnonin jihohin da layin ya ratsa, daga Ribas har Borno, su ne ya kamata su haɗa baki su sa shi a gaban kasafin kuɗin tarayya. Abin da ke hannun Bauchi ita kaɗai shi ne ta kare filin tashar jirgin ƙasa daga masu yanka fuloti, ta kuma keɓe wurin ma'ajiyar kaya da ofishin kwastan a gefen dogo tun yanzu, kafin gine-gine su cinye wurin.