Me ya sa jirgin ƙasa na fasinja ke bunƙasa a wasu ƙasashe, ya gagara a wasu?

Jirgin ƙasa na fasinja ba ya ɗorewa sai abu uku sun haɗu: jama'a mai yawa a kan hanya guda, gwamnatin da ta yarda ta yi ta zuba kuɗi shekara da shekaru, da layin dogo wanda jirgin fasinja ke da fifiko a kansa. In ɗaya ya ɓace, fasinja sai ya koma tashar mota.

A Japan, manyan birane suna jere a gaɓar teku, kusa da juna. Shi ya sa jirgin Shinkansen da aka buɗe a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka, mai tsawon kilomita 515, ya samu fasinja tun farko. Faransa ta bi sahu a 1981 da jirgin TGV tsakanin Paris da Lyon. A irin wannan nisa jirgin ƙasa ya fi mota sauri, kuma yana sauke mutum a tsakiyar gari, ba kamar jirgin sama ba. China kuwa, daga 2008 zuwa yau, ta shimfiɗa fiye da kilomita 40,000 na layin jirgi mai gudun gaske, akasari da kuɗin gwamnati.

Amurka ta ɗauki wata hanya. Dokar 1956 ta karkatar da kuɗi wajen gina manyan hanyoyin mota, mutane suka koma ga mota da jirgin sama. Kamfanin Amtrak da aka kafa a 1971 yana bin layukan da mafi yawansu mallakar kamfanonin dakon kaya ne, don haka jirginsa kan tsaya yana jiran na kaya ya wuce. Inda ya fi samun kasuwa shi ne tsakanin Boston, New York da Washington, inda birane suke kusa, kuma yawancin layin nasa ne.

A Afirka ta Yamma, Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo ne don kai gyaɗa, auduga da ma'adinai bakin teku. Layin da ya taso daga Kotonu ya tsaya a Parakou a 1936, bai ƙaraso Nijar ba. Na Yamai zuwa Dosso, da aka ƙaddamar a 2016, bai haɗu da wani layi ba, kuma ba ya jigilar fasinja yau da kullum.

Yanzu ido yana kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Jama'a da kasuwanci dai akwai su a wannan hanya. Abin da ya rage shi ne kuɗin gyara bayan an gama aiki, tsaron fasinja, da jirgin da zai riƙa tashi a kan lokaci.