Ta aljihu ko mai dogon baki: tarihin wata gardama

Gardamar ta tashi ne a taronmu na ƙarshen wata, ranar da ma'aji ya ce kuɗin karo-karo da na saida ɗan littafinmu sun isa sayen kamara guda, ita ma ta hannu, wadda muke ce ma okaziyo. Muna son ta ne don aikin da muka ɗauko na tattara tarihin unguwanni: fuskokin tsofaffin da muke hira da su, tsofaffin zaure, rijiyoyin rini, hawan Sallah. In muka yi kuskuren saye, sai mu shekara biyu ba mu sake haɗa irin wannan kuɗi ba, tsofaffin kuwa ba jiran mu za su yi ba.

Ni da sakatariyarmu aka aika kasuwa. Alhajin da muka je ma ya ajiye mana biyu bisa tebur. Ɗaya kamar sabulun wanka, in ka kashe ta idon ya koma ciki, zum ɗinta ninki 10. Ɗayar baƙa mai ƙugu da mariƙi da dogon baki, ninki 40, tana cin pil huɗu irin na rediyo. Ya ce, "Ƴan lakkol, wagga ta ƴan gayu ce, waccan ta ma'aikata. Ku zaɓa." Sakatariya ta so ta aljihu, ni idona na kan babbar. Muka dawo hannu wofi. Da yake ni ke karatun tarihi, aka ce in je in binciko asalin abin, wai ko a huta da bakina.

Abin da na fara ganowa shi ne gardamar ta girme mu duka. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak a Amurka, akwati ne da fim na hoto 100 a ciki. Ka danna har ya ƙare, ka aika akwatin dungum zuwa kamfani a Rochester, su wanke su maido maka. Sauƙi ke nan, ba ruwanka da sanin komi. A 1925 Leica ta fito a Jamus, ƙirar Oskar Barnack, ta nuna ana iya yin hoto mai kyau da ƙaramin fim mai milimita 36 da 24. Daga baya, musamman bayan Nikon F ta 1959, gwanaye suka koma ga babbar kamara wadda ake cire ma gilashi a sa wani, mai ɗauka kuma yana leƙe ta cikin gilashin kansa. Sai duniyar hoto ta rabu gida biyu: gidan masu son abu ya shiga aljihu, da gidan masu yawo da jaka cike da gilasai. Ƙaramar ba ta jawo nesa. Zum ɗinka ƙafarka ce, in kana son kusa ka matsa.

Japanawa ne suka yi ta ƙoƙarin haɗa gidajen. A 1986 Pentax ta sa ma ƙaramar kamara zum mai ninki 2. Wajen 1988 kuma sai ga wasu halittu masu ban mamaki, irin su Ricoh Mirai da Chinon Genesis, sannan Olympus IS-1000 a 1990: jiki babba, gilashi guda manne wanda ba a cirewa, amma yana jawowa ninki 2 zuwa 4. Sunan da aka ba su da Ingilishi ma'anarsa gada, ba ta daji ba, ta ƙetare ruwa, don an ce su ne za su ƙetar da mutum daga gidan sauƙi zuwa gidan gwanaye. A zamanin fim gadar gajera ce. Dalili kuwa, dole gilashin ya haskaka faɗin fim ɗin duka, kuma in aka ce a yi mai jawo nesa sosai a wannan faɗi, sai ya zama kamar turmi, nauyi da tsada.

Nan ne wurin da na fi daɗewa a bincikena, don nan sirrin yake. Kamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 tana rubuta hoto guda cikin kaset. Shekara 20 bayan haka Casio QV-10 ta zo da ɗan allo a baya, mutum ya ga hotonsa nan take. A maimakon fim, ɗan faranti ne ke kama haske. Kamfanoni suka ƙanƙanta farantin don rage tsada, har wanda ya fi yawa a kasuwa ya tsaya wajen milimita 6 da 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. To da faranti ya ƙanƙance, ɗan gilashi ma ya isa ya yi aikin da a da sai turmi. Abin da ya gagara a zamanin fim sai ya zama wasa. A 1997 Sony Mavica, wadda ke ajiye hoto cikin disket, ta riga ta kai ninki 10. A 2002 Panasonic ta fito da FZ1 mai ninki 12. Daga nan tsere ya ɓarke: Canon SX50 ta kai ninki 50 a 2012, Nikon P900 ta kai 83 a 2015, P1000 ta kai 125 a 2018, da nauyin kusan kilo 1 da rabi. Ita P900 ɗin, ainihin tsawon gilashinta milimita 357 ne, amma saboda ƙanƙantar faranti tana ganin abin da sai gilashi mai milimita 2000 zai gani a kan fim.

Ta aljihu ma ba ta zauna ba. A 2006 Panasonic TZ1 ta cusa ninki 10 cikin ƙaramin jiki don matafiya, ƴan bayanta suka kai ninki 30. Tun daga lokacin iyakar ta fara dushewa, mai saye ya shiga irin ruɗun da muka shiga gaban teburin Alhaji.

Ga abin da na kawo ma taro, kuma ya ba ni kunya kaɗan, don ni ma girman jiki ya yaudare ni. Kamarori biyun nan farantinsu girma ɗaya ne. In ka tsaya da rana ka ɗauki mutum guda da kowace, da wuya ka rarrabe hotunan. In magariba ta yi kuwa, duka biyun tsaki-tsaki suke cika hoto da shi, don ƙaramin faranti ba ya tara haske da yawa. Babbar ba ta fi kyan hoto ba, ta dai fi kai wa nesa, kuma ta fi daɗin riƙo. Mai son kyan hoto na gaske a ƙaramin jiki sai ya nemi irin Sony RX100 da ta fito a 2012, wadda farantinta ya ninka wancan wajen sau huɗu, amma kuɗinta ko okaziyo ba na aljihun ɗalibi ba ne.

Sauran labarin kowa ya gan shi da idonsa. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kamarori wajen miliyan 121, mafi yawansu ƙanana. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Kodak ta nemi kariyar kotu saboda bashi a farkon 2012, Casio ta bar yin ƙananan kamarori a 2018. Salula ce ta cinye kasuwar, kuma ta aljihu ta fara ci, don aikinsu ɗaya: abu ƙarami, kullum yana jikinka, ka danna ka wuce. Gadar ta fi jurewa, saboda dogon gilashi yana buƙatar wuri, salula kuwa sirantaka take nema. Abin da salula ta talaka ke ce ma zum, yanko tsakiyar hoto ne kawai a kumbura shi. Shi ya sa na ce ma taro: mu goma sha ne, kusan kowa da salula mai hoto. In muka sayi ta aljihu, mun sayi abin da muke da shi ne sau biyu.

Sakatariya ba ta yarda ba, kuma maganarta ba ta banza ba ce. Ta ce, "Kamarad, ka kawo mana tarihin masu saidawa, ka bar na masu ɗauka." Ta tuna mana Malick Sidibé na Bamako da Philippe Koudjina na Yamai, waɗanda hotunan samari da ƴan matan shekarun 1960 da 1970 suka sa duniya ta san su. Ta ce ba daga nesa suka laɓe ba, cikin rawar suke shiga har a manta da su. Ta ce tsohuwa a cikin gida, in ka nuna mata baƙin abu mai dogon baki, sai ta gyara kallabi ta ƙame kamar hoton kati, ko ta ce sai malam ya dawo. Ta ƙara da cewa a wannan zamani, yawo da dogon gilashi kan titi yana jawo tambayar da ba ka shirya ma ba. Wallahi duk gaskiya ne.

Abin da ya raba gardamar ƙarshe ba Japan ba ce, ƙasarmu ce. Da tsakar rana a nan, allon bayan kamara baƙi ƙirin yake zama, sai ka yi ta kare shi da hannu kana lalube. Babbar tana da kafar leƙe, ka manna ido ka ga abin da kake yi. Ƙaramar batir ɗinta na musamman ne, ya tsufa, samun irinsa sai sa'a, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi. Babbar kuwa pil ɗinta ko a teburin ƙauye akwai shi. Sai ƙura. Wani daga cikinmu ya taɓa mallakar ƴar aljihu, hunturu guda ya shiga tsakanin zobban idonta, ta maƙale rabi waje rabi ciki, mai gyara ya ce kuɗin aikin ya fi kuɗinta. Ita ma babbar idonta yana fita yana komawa, ba ta tsira daga wannan ba, amma tana da murfi, kuma ba a jefa ta aljihu tare da ƴan canji da ɓawon gyaɗa. Aka kaɗa ƙuri'a, mai dogon baki ta ci da rata kaɗan.

Ranar hawan Sallah na fita da ita. Jama'a ta danne ni can baya jikin wani bango, ban fi ganin rawuna da kan dawaki ba. Na hau dakali, na jawo. Nan na koyi abin da ba a rubuta a jikin kwali: a ninki 40, numfashinka ma girgiza hoto yake, sai na jingina gwiwar hannu da bango na riƙe numfashi. Kuma zum ba ya huda ƙura, tara ta yake, duk abin da ya yi nisa sosai ya fito fari-fari kamar an wanke shi da toka. Cikin hotuna sama da 200, wajen 15 suka yi. Amma a cikinsu akwai fuskar wani dattijo mai algaita, kumatu a kumbure, gumi na bin tsagen fuskarsa. Ƴan'uwana da ke kusa da ni da salula ba su samo komi daga wannan nisa ba sai ɗigo.

Mako biyu bayan haka muka je hira da wata tsohuwa mai shekaru da yawa, wadda ta ba mu labarin yunwar 1973 da 1974 kamar jiya aka yi. Na fiddo kamarar, ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, mai da bindigarka cikin jaka tukuna." Na mayar. Hoton nata da ke shafi na gaba, inda take dariya tana nuni da hannu, sakatariya ce ta ɗauke shi da salularta, bayan tsohuwar ta ce to. Kamarar tana kabad ɗin ma'aji yanzu, naɗe cikin tsohon zane saboda ƙura, da ɗan kaye a gefe inda mai aro ke rubuta sunansa da ranar da zai maido.