Yara da tsoron hadari: abin da ya kamata iyaye su sani a lokacin damana

A Sanam da sauran garuruwan ƙasar Kurfai, a arewa maso gabashin jihar Tilaberi, damana takan kama daga watan Yuni zuwa Satumba. Yawanci hadari daga gabas yake tasowa. Iska mai ƙura ce ke fara isowa, gari ya yi ja, sannan walƙiya da tsawa su biyo, ruwa ya kece. Manomi na murna, amma yaro ɗan shekara huɗu ko biyar sau da yawa kuka yake yana neman bayan uwarsa.

Tsoron yana da dalili

A damanar 2024, alƙaluman gwamnati sun nuna cewa ambaliya da rushewar gidaje sun hallaka mutum fiye da 300 a Nijar, kuma sun shafi fiye da miliyan ɗaya. Har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Yara sun ga katangu sun faɗi, sun kuma ji hirar manya. Ga kuma matsalar tsaro a yankin Filinge da Abala: yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga, tsawa kan tuna masa da ita.

Saboda haka duka ko dariya ba su maganin wannan tsoro, sai dai su sa yaro ya ɓoye shi. Haka nan razana shi da cewa aradu za ta faɗa masa in ya yi ƙarya. Abin da ke rage tsoro shi ne yaro ya san me ke faruwa, ya kuma san abin da zai yi.

Yadda za a yi masa bayani

Ku yi hirar ranar da gari ya yi garau, ba lokacin da ake tsawa ba. Walƙiya wuta ce irin ta lantarki da ke taruwa cikin gajimare. Tsawa kuwa ƙarar iskar da wutar ta ɗumama ce farat ɗaya. Ƙarar ba ta cutar da kowa. Wutar ake kiyayewa.

Haske ya fi sauti sauri nesa ba kusa ba. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa guda, wato kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Ku koya wa yaro ƙirga daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa. In ya kai 15, tazarar ta kai kilomita biyar ke nan. Yaron da ke ƙirgawa hankalinsa na kan lissafi, kuma da kansa zai ce: "Inna, ta yi nisa." In ƙirgar ba ta kai 30 ba, a shiga ɗaki, kada a fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.

Dokokin da kowane yaro zai haddace

- Kada ya fake ƙarƙashin itace, musamman gawo ko bedi da ke tsaye shi kaɗai a fili.
- In yana gona ko kiwo, ya ajiye hauya da duk wani ƙarfe, ya sauka daga amalanke ko tudu, ya kamo hanyar gida tun hadari na haɗuwa. Rumfar zana ba ta kare mutum daga aradu.
- Kada ya ƙetare kori yana gudu, ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Kori kan cika da ruwan da aka yi can nesa, alhali nan ko ɗigo bai sauka ba.
- Ba wanka a tafki ko gulbi lokacin hadari.
- Ya nisanci tsagaggiyar katanga, da rufin kwano da iska ta fara ɗagawa, da wayar lantarki da ta faɗi ƙasa.

Shirin gida

Kafin ruwan farko, maigida ya duba ɗakunan ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe hanyar ruwa. A zaɓi ɗakin da ya fi ƙwari, a kuma sanar da kowa gidan da za a koma in ruwa ya shigo cikin dare. Takardun haihuwa da na allurar rigakafi a ƙulle su cikin leda, a rataye sama. A riƙa sauraren hasashen da ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa da ke Yamai take bayarwa ta rediyo.

Ku ba kowane yaro aikinsa: wannan ya kwashe shanya, wancan ya kora kaji akurki, babba ya riƙe tocila ya kama hannun ƙanensa. Yaron da aka ba amana ba ya samun sararin firgita sosai. In ruwa ya sauka, ku zauna tare, a yi addu'a, a yi tatsuniya. Yaro fuskar babba yake kallo. In uwa ta natsu, shi ma zai natsu.

In abu ya faru

Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, don haka babu haɗari a taɓa shi. Kada a tsaya jiran komai, a garzaya da shi gidan likita. Haka kuma, yaron da ya shafe makonni yana mugun mafarki, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi fita waje ko da gari ya washe, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya, a kuma sanar da malaminsa.

Yawancin yara tsoron kan ragu yayin da suke girma. Amma dokokin da suka haddace tun suna ƙanana, da su za su kare kansu ranar da hadari ya riske su a daji babu babba kusa.