Kalmar "Ford" da "Mashigi": Nazarin Asali da Ma'ana Bisa Misalan Ƙasar Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar Ingilishi "ford", wadda ke nufin wurin da ruwan kogi ba shi da zurfi har mutum ko dabba su iya ratsawa da ƙafa, ta kuma kwatanta ta da takwararta ta Hausa, "mashigi". An dogara da bayanan masana tarihin harsuna da ƙa'idojin ƙirar kalma ta Hausa, sannan an ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi a gabashin Jihar Kano a matsayin fagen misali. Maƙalar ta nuna cewa harsunan biyu sun raɗa wa wannan wuri suna daga aikin da mutum ke yi a cikinsa, kuma a kowannensu kalmar ta ci gaba da yaɗo bayan gadoji sun rage buƙatar wurin.

1.0 Gabatarwa

Kafin zuwan gadojin siminti, kogi ne ke yanke wa matafiyi inda zai bi da lokacin da zai bi. Falke mai jakuna daga Kano zuwa Barno dole ya san inda yashi ke da tauri, da inda ruwa ke tsayawa iya gwiwa. Gaya tsohon gari ne a kan wannan hanya ta gabas, kuma tarihin baka ya danganta Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala, da garin. Ƙasar Gaya da Ajingi tana cikin kwarin Kogin Haɗeja, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa, ya ratsa Wudil, ya nufi Ringim. Akwai kuma ƙananan rafuka irin su Duddurun Gaya, masu cika da damina su janye da rani. A irin wannan ƙasa, sanin mashigi ilimi ne da ake gada daga iyaye.

2.0 Asalin Kalmar "Ford"

Kalmar tana cikin Tsohon Ingilishi da wannan siffa tata. Masana sun mayar da ita ga *furduz a harshen da ya haifi Ingilishi da Jamusanci, daga nan kuma ga saiwar *per- ta uwar harsunan Indiya da Turai, mai ma'anar wucewa ko ratsawa. Sauyin "p" zuwa "f" yana bin ƙa'idar da Jacob Grimm ya bayyana a 1822, wadda ta sa "pater" ta Latin ta dace da "father".

'Yan'uwan kalmar sun watsu, kowace da inda ta dosa. A Jamusanci "Furt" ta riƙe ma'anar asali, kamar yadda ake gani a sunan Frankfurt, wato mashigin ƙabilar Faranka. A Latin "portus" ta zama tashar jiragen ruwa. A harsunan arewacin Turai "fjord" ta zama siririn hannun teku da ya kutsa tsakanin duwatsu. A Farisanci "pul" na nufin gada. Zaren da ya ɗinke su duka shi ne wurin wucewa.

A Ingilishi, kalmar ta fara a matsayin suna, sai a farkon ƙarni na 17 aka soma amfani da ita a matsayin aikatau. Ta kuma zauna daram a sunayen garuruwa: Oxford, wanda sunansa ya bayyana a rubuce tun farkon ƙarni na 10, shi ne mashigin shanu, Bradford, faffaɗan mashigi, Hereford, mashigin rundunar yaƙi. Daga sunan wuri ta koma sunan zuri'a, har ta hau goshin motocin kamfanin da Henry Ford ya kafa a 1903.

3.0 Mashigi da Danginsa a Hausa

Hausa na gina sunan wuri ta hanyar liƙa ɗafa-goshin "ma-" a jikin aikatau, a ƙare da "-i" ga namiji ko "-a" ga tamata: karanta ta ba da makaranta, sha ta ba da mashaya. Haka shiga ta ba da mashigi, ƙetare ta ba da maƙetara.

A nan ne bambanci mai ma'ana ya fito. Saiwar "ford" tana kallon ratsawa gaba ɗaya, daga wannan gaɓa zuwa waccan. "Mashigi" kuwa ta tsaya a kan takun farko, inda ƙafa ke taɓa ruwa. Wannan ya dace da yanayin rafukan ƙasar Kano, waɗanda gaɓarsu kan zama mai zabgewa, ƙasansu kuma yashi ne mai sauya wuri bayan kowace damina. Wanda ya kuskure wurin shiga ya kuskure tafiyar baki ɗaya. Shi ya sa baƙo kan tsaya a bakin ruwa ya tambayi masunci ko makiyayi, "Malam, ina ne mashigin?" Amsar kuma da jikin mutum ake auna ta: iya idon sawu, iya gwiwa, iya ƙugu, iya ƙirji. Da ɗan gari akan ci gari.

Idan ruwa ya wuce ƙirji, an bar maganar mashigi, an shiga ta fito, inda masu kwalekwale ke haye da mutane da kaya a biya su lada. Gaɓar da aka isa ita ce hayi ko ƙetare.

4.0 Faɗaɗar Ma'ana

Kalmomin nan huɗu, mashigi, fito, ƙetare da hayi, duk sun bar bakin kogi sun shiga wasu fagage. A labaran rediyo yau ana jin "mashigin Hormuz" da "mashigar Rafah", wato ƙuntataccen wurin wucewa a teku ko a kan iyaka, irin tafiyar da "fjord" da "portus" suka yi. "Kuɗin fito", ladan mai kwalekwale, ya zama harajin da jami'an kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su. "Ƙasashen ƙetare" na nufin duk wata ƙasa ta waje, ko da babu ruwa tsakani. "Hayi" kuma ta shiga sunayen unguwanni, kamar Hayin Banki a Kaduna da Hayin Dogo a Samarun Zariya, yadda "ford" ta shiga Oxford.

5.0 Sauyin Kogi da Makomar Kalma

Abubuwa biyu sun taɓa rayuwar mashigi a yankin Gaya da Ajingi. Na farko madatsun ruwa: Tiga da aka kammala a 1974 da Calawa a 1992. Kafin su, Kogin Haɗeja kan ja baya ƙwarai da rani, yashi ya bayyana. Bayan su, ruwan da ake saki ya sa kogin yana gudana har cikin rani, zurfinsa kuma ya dogara da hannun mai buɗe madatsa, ba da watan shekara kaɗai ba. Ilimin da dattijo ya gada game da lokacin shiga ya daina zama abin dogaro shi kaɗai.

Na biyu hanyoyin mota. Da su ne "gada" da "kwalbati", dukkansu aro daga Ingilishi, suka shigo, suka danne tsohuwar kalmar "kadarko". Yaron da ke haye Gadar Wudil a mota zai iya sanin mashigin Hormuz daga rediyo, bai san inda kakansa ke shiga ruwa da jaki ba.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa "ford" da "mashigi" sun tsiro daga aikatau na tafiya, sun kuma faɗaɗa zuwa teku, iyaka da sunan wuri. Inda suka rabu shi ne adanawa: Turawan Ingila sun rubuta sunayen mashigansu tun fiye da shekaru 1000 da suka wuce, namu kuwa suna bakin masunta, makiyaya da sarakunan ruwa. Maƙalar tana ba da shawarar sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano su haɗa kai da Masarautar Gaya, a bi mazaɓu irin su Toranke, Balare, Kademi da Gamarya, a rubuta sunan kowane mashigi, wurinsa da dalilin sunansa, tun masu wannan sani suna raye.