Masallacin Juma'a na Zariya: Tarihinsa da Tsarin Gininsa

Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ke dab da fadar Sarkin Zazzau, yana cikin gine-ginen ƙasa mafiya daraja a ƙasar Hausa. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, lokacin da biranen Daular Usmaniyya, daga Sakkwato da Gwandu har Bauchi, suka duƙufa wajen kafa masallatai bayan jihadin 1804.

Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ba kasafai ake tuna sunan maginin ƙasa ba, amma nasa ya wanzu, har akwai unguwar Babban Gwani a Zariya. A nan ya yi kama da Filippo Brunelleschi, wanda ya ɗora ƙubbar babbar majami'ar Florence ta Italiya tsakanin 1420 da 1436. Dukansu biyu matsala ɗaya suka warware: yadda za a rufe fili mai faɗi rufin bai rufta ba.

Kayan aikin Babban Gwani tubali ne da laka da azara. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, ba ta jin tsoron gara, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin laka in tazara ta yi yawa. Don haka ya kafa ginshiƙai masu kauri, ya jera azara a cikinsu hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. A kansa aka ɗora tulluwa, wato rufin ƙubba. An ƙawata ginshiƙai da bango da zane mai tudu, aka kuma kewaye harabar da zauruka da ɗakin shari'a.

Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe a kai a kai, in ba haka ba damina ta cinye shi. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na siminti. A lokacin ɗakin sallar ya tsira a ciki, amma siffarsa ta waje ta ɓace. Kafin nan wani masanin gine-gine ɗan Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, kuma an gina kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Abin da zane ba ya adanawa shi ne hannun magini. Ɗaurin bakan gizo sana'a ce da ɗa ke koya wurin uba a bakin aiki, ga shi bulo da kwano sun rage masu nemanta. Ranar da aka rasa mai ɗaura azara, gyaran abin da Babban Gwani ya bari zai gagara.